Yadda Ake Binciken Tarihin Tsibiri: Daga Taswira Zuwa Littattafan Masana

Duk wanda ya ƙuduri aniyar rubuta tarihin wani tsibiri, ko da ƙarami ne wanda mutum zai iya zagayewa da ƙafa cikin yini guda, ba zai daɗe ba zai lura cewa galibin abin da aka rubuta a kansa baƙi ne suka rubuta, kuma takardun nasu suna can jibge a wasu ƙasashe masu nisa. Matuƙan jiragen ruwa da fatake da gwamnonin mulkin mallaka da 'yan mishan su ne suka fi riƙe alƙalami, kowannensu kuwa abin da ya dame shi ya rubuta, wato inda jirgi zai tsaya lafiya, da inda ake samun ruwan sha, da yawan harajin da ya shiga baitulmali. Aikin mai bincike shi ne ya tattaro waɗannan gutsattsarin bayanai, ya auna su da littattafan masana tarihi da labarin ƙasa, sannan ya haɗa su da abin da mutanen tsibirin suka riƙe a ka. An jera matakan da ke tafe ne bisa tsarin da ya fi rage wa mutum ɓata lokaci.

Mataki na farko: ƙayyade wuri da zamani

Kafin ka buɗe littafi ko ɗaya, rubuta abin da kake son sani cikin jimla guda. Idan ka ce tarihin Zanzibar kake nema, ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka, domin sunan ya ƙunshi manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, da ƙanana da dama, ga kuma ƙarnuka masu yawa. Amma idan ka ce kana son sanin yadda noman kanumfari ya sauya mallakar gonaki a Pemba tsakanin 1872, shekarar da guguwa ta lalata gonakin Unguja, da 1897, shekarar da aka soke halaccin bauta a dokar masarautar, to ka sami aikin da za ka iya kammalawa.

Mataki na biyu: tattara dukkan sunayen tsibirin

Tsibirai suna yawan sauya suna, domin duk mai ƙarfin da ya sauka yakan raɗa nasa. Mutanen Holan ne suka sa wa Mauritius wannan suna a 1598 don girmama Yarima Maurice na Nassau, Faransawa suka karɓe shi a 1715 suka kira shi Isle de France, Ingilishi kuma suka ci shi da yaƙi a 1810 suka maido da tsohon sunan. Tsibirin Bioko na ƙasar Equatorial Guinea ya shafe ƙarnuka ana kiransa Fernando Po, babban garinsa kuwa ya soma ne da sunan Port Clarence a 1827, daga baya ya koma Santa Isabel, sai a 1973 ya zama Malabo. Wanda ya rubuta Malabo kaɗai a na'urar binciken laburare zai tsallake rubuce-rubucen kusan shekara 150 bai sani ba.

Saboda haka ka ware shafi guda ka jera kowane suna, da harshen da ya fito, da shekarun da aka yi amfani da shi, da duk hanyoyin da aka rubuta shi, har da waɗanda ka san kuskure ne, domin magatakardan da ba su damu da daidaita ƙa'idar rubutu ba. Ka sa sunan da mazauna wurin suke kiransa da shi a sahun farko.

Mataki na uku: karanta labarin ƙasa kafin tarihi

Wannan mataki ne masu gaggawa suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake bayyana dalilin abubuwa da yawa da littattafan tarihi suke ambata ba tare da sharhi ba. Abubuwa huɗu za ka fara nema: iska, da igiyar ruwa, da mashigar jirage, da ruwan sha.

A yammacin Tekun Indiya, iskar arewa maso gabas, wadda Suwahilawa suke kira kaskazi, tana kaɗawa daga wajen watan Disamba zuwa Maris, ita ce take kawo jiragen filafilai daga Larabawa da Indiya zuwa gaɓar Afirka ta Gabas. Daga Afrilu kuma sai iskar kusi ta juyo daga kudu maso yamma ta mayar da su gida. Falken da ya iso Zanzibar ko Kilwa dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya, kuma a cikin wannan zaman jira ne ake ƙulla bashi da amana da auratayya. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin yadda Sayyid Sa'id na Oman ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar a wajen 1840 ba. Haka ma tsibirin Saint Helena na Tekun Atlantika, wanda yake kimanin kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka: darajarsa ta samo asali ne daga kasancewarsa a kan hanyar da iska take bi da jiragen da suke dawowa daga Gabas zuwa Turai, ga shi kuma da ruwa mai daɗi. Kamfanin Ingila mai ciniki da Indiya ya mamaye shi a 1659, da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 kuwa sai jirage suka sauya hanya, tattalin arzikin tsibirin ya durƙushe.

Littattafan da za su ba ka irin wannan bayani ba su cika zama a sashen tarihi na laburare ba. Ka nemi littattafan jagorar matuƙa jirgi, irin waɗanda ofishin taswirar teku na Birtaniya, wanda aka kafa a 1795, ya riƙa bugawa. Suna bayyana gaɓa ɗaki-ɗaki, da duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da ƙauyukan da ake hangowa daga teku, kuma idan ka kwatanta tsohon bugu da sabo za ka ga garin da ya bunƙasa da wanda ya mutu. Ka ƙara da littafi guda a kan yanayin duwatsu da ƙasar tsibirin, domin tsibirin da dutse mai aman wuta ya haifar ya bambanta da na murjani wajen noma da ruwa da yawan mutanen da zai iya ɗauka.

Game da tsofaffin taswirori, sai an yi hattara. Kafin agogon teku na John Harrison ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 18, matuƙa ba su iya auna nisan wuri gabas ko yamma daidai, don haka tsibiri guda yakan bayyana sau biyu a taswira ɗaya da sunaye daban-daban. Kuma sai a taron 1884 aka amince da Greenwich ta Landan a matsayin mafarin awon nisa gabas ko yamma, kafin nan wasu daga Paris suke farawa, wasu daga tsibirin Ferro. Kuskure idan ya shiga taswira yakan daɗe: wani tsibiri da ake kira Sandy, kusa da New Caledonia, ya zauna a taswirori fiye da ƙarni guda, har zuwa 2012 da wani jirgin bincike na Ostireliya ya je wurin ya tarar da teku mai zurfin sama da mita 1,000.

Mataki na huɗu: nemo littattafan masana, ka auna su

Ka fara da littafi mafi sabunta da wata maɗaba'ar jami'a ta buga a kan tsibirin ko yankin tekun da yake ciki, ka buɗe shi daga baya. Jerin manazarta da ke ƙarshensa shi ne taswirarka ta biyu. Idan ka sami irin waɗannan littattafai uku, ka kwatanta jerin nasu, duk aikin da ya bayyana a cikin ukun ka sa shi a gaba. Daga nan ka yi amfani da WorldCat don sanin laburaren da yake da littafin, da JSTOR da Google Scholar don maƙalun mujallun ilimi, da Internet Archive don tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Kada ka raina kundayen digiri na biyu da na uku, domin sau da yawa ƙaramin tsibiri ba shi da littafi ko ɗaya da aka buga a kansa, amma akwai ɗalibin da ya shekara biyu yana tono takardunsa.

Auna littafi yana da hanya. Ka duba wane ne marubucin, da ko ya iya harsunan da takardun tsibirin suke ciki, domin wanda zai rubuta tarihin Cape Verde ko São Tomé bai iya harshen Fotugal ba, a kan rubutun wasu ya dogara. Ka duba shekarar bugun farko, ba ta bugun da ke hannunka ba, saboda maɗaba'u suna sake buga littafin ƙarni na 19 da sabon bango, mai karatu ya ɗauka sabon bincike ne. Ka karanta gabatarwar marubucin, inda yakan faɗi ma'adanun takardun da ya ziyarta da waɗanda bai samu shiga ba. Sannan ka nemi sharhin da wasu masana suka yi wa littafin a mujallu. Sharhi mai shafi biyu yakan nuna maka raunin da kai ba za ka gano ba sai bayan wata shida.

Akwai kuma littattafan da 'yan ƙasa masu sha'awar tarihi suka rubuta, tsohon malamin makaranta ko limami ko ma'aikacin gwamnati mai ritaya, waɗanda ƙungiyar tarihi ta tsibirin ko marubucin da kansa ya buga. A ganina kuskure ne a yi watsi da su don ba su fito daga jami'a ba. Irin waɗannan marubuta sun san wace rijiya ce ta ƙafe da kuma wane gida ne ya gaji wane, abin da baƙon masani ba zai taɓa sani ba. Rauninsu shi ne ba su cika faɗin inda suka samo magana ba, kuma sukan so fifita garinsu. Ka ɗauki bayaninsu na wurare da dangantaka da muhimmanci, shekarun da suka kawo kuwa ka riƙe su a matsayin abin da ke jiran tabbaci.

Mataki na biyar: bi bayanan gindin shafi har tushe

Bayanin da marubuci yake sawa a gindin shafi kamar isnadi yake ga hadisi, shi ne yake nuna hannun da magana ta bi kafin ta iso gare ka. Idan ka ci karo da wata magana mai muhimmanci, ka bi ta baya-baya. Sau da yawa za ka tarar littattafai biyar sun faɗi abu guda, amma dukkansu daga matafiyi ɗaya suka kwaso, wanda kwana uku kacal ya yi a tsibirin. Wannan shaida ɗaya ce, ba biyar ba.

Kilwa Kisiwani, tsibirin da ke gaɓar Tanzaniya wanda Ibn Battuta ya ziyarta a 1331, misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Tarihin sarakunansa ya iso mana ta hanya biyu: wanda João de Barros ya kawo da harshen Fotugal a littafinsa na 1552, da kuma wani rubutun Larabci wanda kwafinsa na ƙarni na 19 yake ajiye a Landan. Dukkansu sun danganta kafuwar sarautar ga Ali bin al-Hasan, wanda aka ce daga Shiraz ya zo, amma sun saɓa a sunayen wasu sarakuna da tsawon mulkinsu. Waɗanda suka lissafa shekarun sarakunan baya-baya sun kai shi ƙarni na 10. Neville Chittick, wanda ya haƙa kufan Kilwa ya kuma buga sakamakon a juzu'i biyu a 1974, ya dubi tsabar kuɗin da aka tono ya ce a'a, ƙarshen ƙarni na 12 ne. Sai kuma a shekarun 1980 aka tono wata taskar kuɗi a Mtambwe Mkuu ta Pemba, inda aka sami tsabar da ke ɗauke da sunan Ali bin al-Hasan tare da dinaren zinariya waɗanda mafi sabuntarsu na shekarar 1066 ne, abin da ya karkatar da masana zuwa ƙarni na 11. Wanda ya karanta littafi ɗaya tak daga cikin waɗannan zai rubuta shekara da cikakken ƙarfin gwiwa, ba tare da sanin cewa an riga an wuce wurin ba.

Mataki na shida: shiga ma'adanun takardu

Ka fara da ma'adanar da ke tsibirin idan akwai, domin a nan ne ake samun takardun kotu, da na filaye, da na wakafi da gado, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, waɗanda su ne suke ɗauke da sunayen talakawa. Bayan nan ka bi sawun duk daular da ta taɓa mulkin wurin. Takardun ofishin mulkin mallaka na Birtaniya suna unguwar Kew ta Landan, na kamfaninta mai ciniki da Indiya suna babban laburaren Birtaniya a Landan, na Faransa suna Aix-en-Provence, na Fotugal suna Lisbon, na Sifaniya da yawa suna Seville, na kamfanin Holan mai ciniki da Gabas da ya yi aiki daga 1602 zuwa 1799 kuma mafi yawansu suna birnin Hague. Yawancin waɗannan wurare sun sa jerin abin da suka mallaka a intanet, don haka ka rubuta lambar kowane fayil tun kana gida, ka kuma aika wa ma'aikatan wasiƙa ka tambayi ko suna aiko da hoton takardu. Ga yankunan da Birtaniya ta mulka, akwai rahoton alƙaluma na shekara-shekara da gwamnoni suka riƙa aikawa tun daga shekarun 1820, mai ƙunshe da yawan jama'a da jiragen da suka shigo da kayan da aka fitar. Ga tsibiran da cinikin bayi ya shafa kuwa, rumbun SlaveVoyages ya tattara bayanan tafiye-tafiyen jirage sama da 36,000 da suka ƙetare Tekun Atlantika.

Ka kula da kwanan wata ƙwarai. Ƙasashen Katolika sun koma sabuwar kalandar Miladiyya tun 1582, amma Birtaniya ba ta bi ba sai 1752, saboda haka takardar Baturen Ingila da ta Bafaranshe a kan faɗa guda na ƙarni na 17 za su iya saɓawa da kwana goma, alhali babu wanda ya yi ƙarya. Kafin 1752 ɗin ma, shekarar hukuma a Ingila daga 25 ga Maris take farawa, don haka wasiƙar da aka rubuta wa Fabrairu 1672, a lissafin yau ta 1673 ce. Takardun Larabci kuma da shekarar Hijira suke, wadda ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Ka rubuta kwanan watan yadda ka gan shi, sannan ka sa wanda ka juya a gefensa.

Mataki na bakwai: taka tsibirin, ka saurari mutanensa

Gani ya kori ji. Ka ɗauki tsohuwar taswira ka bi gaɓa da ƙafa, ka shiga maƙabartu ka kwafi rubutun da ke kan duwatsun kaburbura, ka dubi rijiyoyi da kufai da wuraren ibada. Masunta sun san sunan kowane dutse da kowace mashiga, kuma sunayen nan sukan adana labarin jirgin da ya nutse ko ƙauyen da ruwa ya cinye. Tsofaffin mata kuwa su ne galibi suka fi riƙe salsalar gidaje.

Kafin ka naɗi muryar kowa, ka bayyana masa abin da za ka yi da ita, ka nemi izininsa a fili. Ka rubuta ranar hira da wurin da aka yi ta da harshen da aka yi magana da shi, ka kuma tambayi mai ba da labarin daga wa ya ji. Ya fi kyau a gana da mutane ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin taro kowa yakan bi bakin babba. Ka tuna kuma cewa mutanen tsibiri ba lallai ne a same su a tsibirin ba. An kwashe mazauna tsibiran Chagos na Tekun Indiya tsakanin 1968 da 1973, zuriyarsu tana Mauritius da Seychelles da Ingila. A tsibirin Montserrat na yankin Karebiyan kuma, aman wutar dutse da ya fara a 1995 ya binne babban garin Plymouth, ya tarwatsa fiye da rabin jama'ar zuwa ƙasashen waje.

Mataki na takwas: tace saɓani, sannan ka rubuta

Tun daga ranar farko ka raba bayanan da kake ɗauka gida uku, wato maganar marubuci kalma da kalma, da taƙaitawarka, da ra'ayinka, kowanne da lambar shafi. Wanda ya cakuɗa su zai wayi gari ya sa maganar wani a matsayin tasa. Ka kuma zana jadawalin shekaru mai gurbin da za ka rubuta madogarar kowace shekara, domin a nan ne saɓani yake fitowa fili.

Inda masana suka saɓa, ka kawo ɓangarorin da hujjojinsu, sannan ka faɗi inda ka karkata da dalilinka. Rapa Nui, tsibirin Tekun Pasifik da Turawa suke kira Easter Island, wanda matuƙin jirgi ɗan Holan Jacob Roggeveen ya isa a 1722, ya daɗe ana ba da labarinsa a matsayin al'ummar da ta sare itatuwanta ta halaka kanta, ra'ayin da Jared Diamond ya yaɗa a 2005. Terry Hunt da Carl Lipo sun ƙalubalanci wannan a 2011, suna masu nuna rawar da ɓeraye suka taka wajen cinye 'ya'yan itatuwan, da kuma cewa mummunar raguwar jama'a ta biyo bayan zuwan baƙi ne, musamman farmakin masu kamun bayi daga Peru a 1862 da 1863 da cututtukan da suka biyo baya, har mutanen suka ragu zuwa 111 a 1877. Haka nan a Gorée ta Senegal, adadin bayin da ake faɗa wa masu ziyara cewa an fitar ta tsibirin ya zarce abin da takardun jirage suka nuna nesa ba kusa ba, kuma marubuci mai adalci zai faɗi hakan ba tare da ya rage wa wurin matsayinsa na abin tunawa ba.

Wajen tsara littafin, ba dole ba ne ka raba babi-babi bisa jerin daulolin da suka mulki tsibirin, domin yin haka yakan mayar da mazauna wurin 'yan kallo a tarihinsu. Kana iya rabawa bisa abin da ya sauya rayuwarsu, kamar shigowar wani amfanin gona, ko annoba, ko buɗe sabuwar tashar jirage. Ka sa taswira mai ma'auni wadda take ɗauke da duk sunan wurin da ka ambata, da jadawalin tsofaffin sunaye da sababbi, da fihirisar mutane da wurare. Kafin ka kai maɗaba'a, ka ba mutum biyu su karanta, masani guda da ɗan tsibirin guda, idan an buga kuma ka ajiye kwafin littafin da na muryoyin da ka naɗa, waɗanda masu su suka yarda a ajiye, a laburare ko ma'adanar takardun tsibirin.